Kan Sarki da Kwabo Mai Huji: Zaɓen Hoton Sarkin Ingila a Kuɗin Gwaji na 1936 da Abin da ya Iso Kasuwannin Audugar Funtuwa da Malumfashi



Duk wanda ya taɓa riƙe tsofaffin kuɗin zamanin Turawa zai lura cewa iri biyu ne. Akwai masu ɗauke da kan sarki, watau taro da sisi da sule da fataka. Akwai kuma masu huji a tsakiya, watau anini da ɗari da kwabo, waɗanda ba su da surar kowa, sai suna da kambi da tauraro. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wannan rabo ta hanyar duban shekara guda, watau 1936, shekarar da gidan buga kuɗi na Landan ya yi wata da watanni yana gwaje-gwajen hoton Sarki Edwad na Takwas, sa'an nan sarkin ya yi murabus tun ba a saki ko ɗaya daga cikin kuɗin ba. Abin da nake so in nuna shi ne, zaɓen hoton sarki a kuɗin mulkin mallaka zaɓe ne na matsayi: akwai waɗanda ake nuna wa sarki kai ba hula, akwai waɗanda ba a nuna musu shi sai da kambi, akwai kuma kuɗin talaka da aka bari da suna kawai. Na ɗauki yankin Funtuwa da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina ta yau, domin a nan ne auduga ta sa tsabar kuɗi ta riƙa shiga hannun manomi kaka bayan kaka, har ya san ta ciki da bai.

Kafin kan sarki ya zo

Kamar yadda aka sani, sarakunan Musulunci tun da daɗewa sun ɗauki abu biyu a matsayin alamar mulki, watau ambaton sunan sarki a huɗubar Juma'a da buga sunansa a jikin kuɗi. Su ma sun taɓa gwada hoto. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wanda ya yi mulki daga 685 zuwa 705, ya buga dinare mai surar halifa a tsaye, hannunsa a kan takobi, aka yi 'yan shekaru ana kashe shi. A shekara ta 77 bayan Hijira sai ya cire surar baki ɗaya, ya bar rubutu zalla, kuma a kan wannan tafarki kuɗin ƙasashen Musulmi suka daɗe suna tafiya. Daular Sakkwato kuwa ba ta buga kuɗin ƙarfe nata ba. Sunan Sarkin Musulmi yana cikin huɗuba, yana kuma jikin hatimin wasiƙa, amma abin ciniki wuri ne, da tufafi, da gishiri, da bayi a manyan hada-hada. Wuri kuwa ba shi da fuska, ba shi da suna, ba wanda ya san sarkin da ya fito daga ƙasarsa.

Wannan ba yana nufin mutanen ƙasar Hausa ba su taɓa ganin kan mai mulki a jikin kuɗi ba sai da Nasara ya zo. Liyari, watau dalar azurfa ta Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, ta shigo ta hannun fataken Sahara. Matafiyin nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya da wuri 2,500. Abin lura game da liyari shi ne, mai hoton ta rasu tun 1780, amma aka ci gaba da buga ta da fuskar nan da shekarar nan ba canji, domin masu karɓarta a ƙasashen Larabawa da Habasha ba su yarda da wata sura ba sai wadda suka saba da ita. Har ƙwayoyin adon da ke kafaɗarta sukan duba don su gane ko kuɗin ya sha hannu ya rage nauyi. Watau dai a wurinsu fuskar ma'aunin azurfa ce. Ba su tambayi ko wace ce ba, balle su yi mata mubaya'a. Ina roƙon mahalarta su riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi a kasuwar auduga.

Kwabo mai huji

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugga ta tarar da matsala. Tana son haraji da kuɗin da za ta iya biyan soja da ma'aikata da su, alhali keso guda na wuri, watau wuri 20,000, kayan mutum ɗaya ne ko fiye, ga shi darajarsa ba ta taka kara ta karya ba. A 1904 aka hana shigo da wuri. Sulallan azurfa na Ingila masu kan Sarauniya Biktoriya da na Edwad na Bakwai sun fara yawo, amma ko taro ya yi wa cinikin daddawa da kuka da ɗanyen gishiri girma. Saboda haka a 1907 aka fara buga wa Nijeriya ƙananan kuɗinta: kwabo, da anini wanda goma ke yin kwabo. Aninin farko da sanholo aka yi shi, watau alminiyam, yana kuma cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe don kashewa. Bai jure wa gumi da damina ba, sai a 1908 aka koma ga gamin jan ƙarfe da nikel. Rabin kwabo ya biyo baya, Hausawa suka raɗa masa suna ɗari, saboda zamanin da ake canza shi da wuri ɗari. A kan wannan lissafi anini ya kama wuri ashirin ke nan.

An huda su a tsakiya don a zura su a zare, kamar yadda mutane suka saba shirya wuri. Huji kuwa ya cinye gurbin fuska. Sai aka zagaye shi da sunan sarki da laƙabinsa, aka ɗora kambi a sama, aka rubuta darajar kuɗin da Turanci da kuma Larabci. A bayan kuɗin aka sa tauraro mai tsini shida, wanda malaman tsibbu suka daɗe da sani da sunan hatimin Sulaimanu. Lugga ya faɗa daga baya cewa ya ga wannan zane ne a murfin wani kwano na tagulla da aka samo a yaƙin Kwantagora, kuma shi aka sa a tutar Nijeriya bayan haɗewar 1914. Daga wannan tauraro ne har yau muke ce wa alamar kafaɗar hafsan soja anini.

Wasu sukan ce an bar hoto ne a waɗannan kuɗi don girmama Musulmin Arewa. A nawa ganin wannan magana ba ta da ƙafa. Rubutun Larabci lalle don masu ilmin allo aka sa shi, wannan ba gardama. Amma kuɗi masu huji marasa hoto an buga wa Afirka ta Gabas, an buga wa Fiji da Niyu Gini, inda babu batun Musulmin Arewa. Bugu da ƙari, shekara shida kacal bayan anini sai ga gwamnatin nan ta kawo wa mutanen nan sule mai cikakken kan sarki. Malamanmu ma ba su ɗauki abin da zafi ba, tun da a mazhabar Malikiyya surar da aka haramta ita ce cikakkiya mai inuwa, kuma an san Sahabbai sun yi ciniki da dinaren Rumawa da dirhamin Farisa masu surar sarakunansu. Dalilin huji na kasuwa ne. Abin da ya haifar, watau barin kuɗin talaka ba fuska, shi ne abin nazari.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, mazauninta Landan, don Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. A 1913 ta fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. A bayan sule da fataka akwai itacen kwakwar manja, wanda manomin Bakori ko Kafur bai taɓa shukawa ba. A gaba kuwa akwai Sarki Joji na Biyar, aikin masassaƙi Bertram Mackennal, yana duban hagu, da kambi a kansa da alkyabbar sarauta a kafaɗa. Shi dai wannan Mackennal shi ya zana kan Joji da ke jikin kuɗin Ingila, amma a can ba kambi, ba alkyabba, kai ne da wuya kawai. Mutum ɗaya, masassaƙi ɗaya, hoto biyu. Baturen Ingila ya san sarkinsa ko ba hula. Wanda ake mulka shi ne aka ga sai an nuna masa kambi kafin ya san da wa yake magana.

Sun koyi wannan ne a Indiya. Rufin Edwad na Bakwai ya fita da kai ba kambi, ga sanƙo, abin bai yi wa mutanen can daɗin gani ba. Da aka zo kan Joji na Biyar a 1911 aka sa masa kambi da sarƙar girmamawa mai ɗan hoton giwa, sai giwar ta fito da gajeren hanci da gajerun ƙafafu, jama'a suka ce alade ne. Musulmin Indiya suka ƙi kuɗin, dole aka janye su, aka gyara giwar a bugun 1912. Wanda ya san wannan labari ba zai yi mamakin yadda gidan buga kuɗi ke ɓata watanni a kan kuɗin gwaji ba. A ƙasar Hausa kuwa batun kambi ya zo daidai da tunaninmu, domin mu ma naɗa sarauta muke yi, kuma ba a ganin sarki a bainar jama'a kai ba rawani. Wannan dacewa ce kawai, ba don mu aka tsara ba.

Gardamar hagu da dama

Joji na Biyar ya rasu ran 20 ga Janairu, 1936, babban ɗansa ya hau da sunan Edwad na Takwas. Shi ba baƙo ba ne ga sarakunan Arewa, domin a watan Afrilu na 1925, yana ɗan sarki mai jiran gado, ya zo Kano zamanin Sarki Usman, aka yi masa gagarumin hawan daba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya ma riga ya je Ingila tun 1921 ya gana da mahaifinsa.

Yadda ake fitar da kan sarki a kuɗi aiki ne mai matakai. Masassaƙi yakan fara da babban samfuri na farar ƙasa, faɗinsa ya kai faifai. Daga nan a sa shi a injin da ke bin zanen yana rage shi, yana sassaƙa ƙaraminsa a ƙarfe mai tauri. Da wannan ake yin hatimin bugu, a buga 'yan kaɗan don gwaji, a kai wa kwamitin mashawarta, daga nan a kai wa sarki. Abin da ya yi kyau a faifai sau da yawa yakan lalace in ya koma girman sisi, sai a sake. Shugaban gidan buga kuɗin a lokacin shi ne Sir Robert Johnson. Masassaƙa biyu ne suka fi fice a wannan aiki, Humphrey Paget da Percy Metcalfe. Na Paget, kai ba kambi, shi aka tsayar don kuɗin Ingila. Metcalfe kuma ya shirya mai kambi don Indiya da ƙasashen da ake mulka.

Sai gardama ta tashi a kan inda sarki zai duba. Al'adar gidan sarautar Ingila tun ƙarni na 17 ita ce, kowane sabon sarki ya juya wa inda magabacinsa ya duba baya. Biktoriya ta dubi hagu, Edwad na Bakwai ya dubi dama, Joji na Biyar ya dubi hagu, saboda haka Edwad na Takwas dama ya kamata ya duba. Shi kuwa ya ce atafau hagu, domin a ganinsa gefen fuskarsa na hagu ya fi kyau, kuma ta nan ne tsagar gashin kansa take fitowa. Aka nemi a yi masa dabara, a ɗauki kamannin gefen hagun a ɗora a kan hoto mai duban dama. Ya ƙi. Ma'aikata suka haƙura, aka bar shi yana duban hagu. Mai sauraro zai iya cewa wannan ai shirme ne na masu hutu. To, amma mu da muka fito daga ƙasar da ake karanta asalin mutum a kuncinsa, mun san gefen fuska ba abin wasa ba ne. Kuma mutanen fadar sun fahimci cewa wanda ya karya ƙaramar al'ada don son ransa zai iya karya babba.

A cikin wannan shiri ne aka yanke wata shawara da ta fi ta hagu da dama nauyi, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Ƙasashen da Turawa suka zauna suka kuma sami 'yancin mulkin kansu, watau Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, a da su ma mai kambi ake ba su. Yanzu aka yarda su ɗauki kai ba kambi irin na Ingila, don a nuna sun zama tsaran juna a ƙarƙashin sarki ɗaya. Indiya da Afirka ta Yamma da sauran irinsu aka bar su da kambi. Daga nan kambin jikin kuɗi ya zama shaida a fili ta wanda ke mulkin kansa da wanda ake mulka. Daɗin daɗawa, kambin da Metcalfe ya ɗora wa Edwad bai taɓa hawa kansa ba, domin an sa bikin naɗinsa ran 12 ga Mayu, 1937, kuma bai kai ba.

An shirya fara bugu ran 1 ga Janairu, 1937, shi ya sa kuɗin gwajin suke ɗauke da shekarar 1937. Amma sarki ya kafe sai ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiya wadda ta rabu da mijinta na fari, tana kuma kan rabuwa da na biyu. Gwamnatin Baldwin da shugabannin coci suka ƙi. Ya sa hannu a takardar murabus ran 10 ga Disamba, 1936, washegari ta tabbata, bayan kwana 326 a gadon sarauta. Aka tattara kuɗin gwajin aka rufe a akwati, aka kulle a ma'ajiyar shugaban gidan, ba a buɗe ba sai 1970. Shi kansa mai hoton ya nemi a ba shi jeri guda don tunawa, ƙanensa Joji na Shida ya hana. 'Yan kaɗan da suka fita, irin su taro mai kusurwa goma sha biyu da aka aika wa masu ƙera injunan sayar da kaya don su gwada, sun zama abin nema ruwa a jallo. A Janairun 2020 an sayar da fam guda na zinariya daga cikinsu a kan fam miliyan 1.

Shi kuwa Joji na Shida sai aka sa ya dubi hagu, aka yi kamar wansa ya dubi dama yadda al'ada ta ce. Watau an gyara tarihi da kuɗin da ba a taɓa bugawa ba. A kan wannan lissafi Elizabet ta dubi dama a 1953, Carles na Uku kuma ya dubi hagu a 2022. Wani abin ban dariya shi ne, a wannan shekara ta 1936 da ake fama da fuskar sarki mai rai, gidan buga kuɗin na Landan ya fara buga liyarin Mariya Tariza don kasuwannin Bahar Maliya, fuskar matar da ta yi shekara 156 a kabari, ba wanda ya nemi a taɓa ko gashi ɗaya a kanta.

Kakar auduga ta 1936

Mu dawo gida. Kudancin Katsina ƙasar auduga ce tun kafin Turawa, kuma Maska ta yi suna wajen saƙa da rini. Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902 don samar wa masaƙun Lankasha auduga, ta kafa injin gurza a Zariya, sa'an nan a shekarun 1920 ta kafa a Funtuwa da Malumfashi. Aka buɗe gonar iri a Daudawa, ana rarraba irin Amurka mai dogon zare. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Ta ɓangaren mulki kuma, a Katsina ne aka fara kafa Baitulmalin En'e a Arewa, zamanin Dikko da jami'in mulki Palmer, saboda haka harajin da Sarkin Maska da Galadiman Katsina ke tarawa a gundumominsu da tsabar kuɗi ake son sa, kuma a kaka ake karɓa, daidai lokacin da ake buɗe kasuwannin auduga.

A nan ne rabon kuɗin nan gida biyu yake fitowa sarai. Manomi ya kai auduga, an duba daraja, an auna, an ba shi sule da fataka masu kan sarki, an cika da kwabbai. Mafi yawan sulallan ba sa daɗewa a hannunsa. Dagaci na jira, daga dagaci sai hakimi, daga hakimi sai Baitulmali, daga nan su koma banki su jira wata kakar. Wanda ya saura shi ne na sadaki, da na sayen sa, da wanda ake binnewa a tukunya. Kuɗin da ke kwana a gida, wanda mata ke cinikin fura da ƙosai da shi, wanda ake ba almajiri sadaka, wanda ake kai wa malamin allo ran Laraba, shi ne mai huji. Ke nan fuskar sarki kuɗin hukuma ce, tana zuwa da kaka ta tafi da haraji. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, da wannan kwabo mara fuska ta auna kanta.

To, da yake masu huji ba su bukatar hoto, ba su jira gardamar hagu da dama ba. Suna kawai aka canza a hatimi. Tun cikin 1936 aka buga anini da ɗari da kwabo da sunan Edwad na Takwas, a Landan da kuma maƙeru biyu na Bamingam, watau Heaton da King's Norton. Kwabo kaɗai an buga fiye da miliyan 30. Sule da fataka kuwa, da yake sabon hoto bai kammalu ba, sai aka ci gaba da buga su da kan Joji na Biyar da shekarar 1936. Saboda haka manomin da ya sayar da audugarsa a Funtuwa a ƙarshen Disamban 1936 ko farkon 1937 yana iya komawa gida da sule mai fuskar sarkin da ya mutu, da kwabo mai sunan sarkin da ya sauka, alhali mai ci a lokacin ba ya jikin ko ɗaya. Mutanen Landan ba su taɓa kashe kuɗi mai sunan Edwad na Takwas ba. Mutanen Danja da Ƙanƙara da Faskari sun kashe shi shekara da shekaru. Ba a janye shi ba, ba a kuma ga dalilin janyewa ba.

Abin da ya dami manomi game da kuɗi wani abu ne dabam, kuma ya nuna shi a aikace. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada, tsaba ta yi ƙaranci, aka shigo da kuɗin takarda. Manoman Arewa suka ƙi su, wanda ya karɓa dole kuma sai ya canzar a kan hasara. A 1920 aka daina azurfa aka koma ga gamin tagulla da kuza. Kan Joji bai canza ba ko kaɗan, amma nan da nan mutane suka bambanta tsohon sule da sabo, suka ɓoye na azurfa, maƙeran fari suka narkar da wasu suka yi zobba da warwaro. Sabon gamin kuma ya yi sauƙin kwaikwayo, har kuɗin ƙarya suka yi yawa, muka sami kalmar jabu daga sunan Ijebu, inda masu wannan sana'a suka yi ƙaurin suna. Ɗan kasuwa yakan buga sule a dutse ya saurari ƙararsa, ya shafa gefensa, ya dubi ko fuskar ta fito tas ko ta dushe. Da kan Joji na Shida ya iso a 1938, aikin Metcalfe, da kambinsa, abin da ya fi amfani a jikin sabon sulen shi ne tsagin da aka yi a gefensa don a gagari masu jabu. Mun koma ga darasin liyari ke nan. Masu zaɓen hoto a Landan suna aika saƙon matsayi da biyayya, mai karɓa a kasuwa yana amfani da fuskar wajen tantance ƙarfe. Amma kada a ce saƙon bai isa ba sam, domin harshe ya riƙe shi: har yau takardar da ake liƙa wa wasiƙa sunanta kan sarki, shekaru da dama bayan an daina ganin kan kowane sarki a jikinta.

Daga kambi zuwa auduga

Tsarin nan na kai biyu ya zarce har zamanin Elizabet. Ingila da Kanada da tsararrakinsu suka ɗauki hoton da Mary Gillick ta yi, ba kambi. Mu aka ba mu na Cecil Thomas, mai kambi. Da Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa ran 1 ga Yuli, 1959, wannan mai kambin ne ya hau taro da sisi da sule da fataka, kwabo da ɗari kuma suka zauna da hujinsu da tauraronsu. Sabon abu shi ne bayan kuɗin, inda aka raba wa amfanin gona: koko a sisi, ganyen kwakwa a sule, auduga kuma a taro mai kusurwa goma sha biyu, watau siffar nan da aka fara gwadawa da kan Edwad. Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, ta zama jamhuriya ran 1 ga Oktoba, 1963, sarauniya ta daina zama shugabar ƙasa, amma kanta da kambinta suka ci gaba da yawo a kasuwannin Funtuwa da Malumfashi kusan shekara goma, har aka kawo naira da kwabo ran 1 ga Janairu, 1973. A nan aka sa tambarin ƙasa a gurbin fuska, auduga ta koma kan rabin kwabo, mafi ƙanƙanta a jerin, gyaɗa ta hau kwabo 25, rijiyar man fetur ta hau kwabo ɗaya. Fuskar ɗan ƙasa ba ta hau kuɗinmu ba sai 1977, da aka sa Janar Murtala Muhammed a takardar naira 20, shekara guda bayan kashe shi. Tun daga lokacin kuma mamata muke sawa, wanda ya raba mu da irin gardamar da aka yi da Edwad. Rubutun Larabcin da ya fara da anini ya rayu a matsayin ajami a takardun naira, har aka cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi daga naira 100 a 2014, ya saura a manya.

Shawarata ga 'yan'uwa malaman tarihi a kwalejojin ilmi ita ce mu sa ɗalibanmu su nemo waɗannan kwabbai tun ba su ƙare ba. Suna nan a tsofaffin adudai da gwangwanayen kakanni, wasu an kafa su a ƙyauren ƙofa a ƙarƙashin kan ƙusa, wasu kuma garma kan tono su a kufai. Ɗalibi ya fara duba shekara a gefen tauraro. In ya ga 1936, ya juya ya karanta sunan, domin a wannan shekara akwai na Joji na Biyar akwai na Edwad na Takwas. Ƙaramin harafin H ko KN, in akwai shi, yana nuna maƙerar Bamingam da ta buga, in babu kuma bugun Landan ne. Wanda ya yi sa'a ƙwarai yana iya cin karo da kwabon 1945 da aka buga bisa kuskure da tsohon hatimin Edwad, shekara tara bayan ya bar gadon sarauta.